Tekun da ya taɓa rufe Sakkwato: ta yaya ake gane zurfinsa daga dutse?

Abubakar: Assalamu alaikum malamai. Ina da tambaya kan duwatsun kwarin Sakkwato. Dutsen da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti da shi, kowa ya yarda a ƙarƙashin teku ya samu, domin ga ɓawon halittun teku nan a ciki. To Sakkwato tana da tsayin wajen mita 250 zuwa 300 sama da tekun yau, kuma tsakaninta da gaɓar Legas ya fi kilomita 700. Shin za a iya cewa a wancan zamani tekun duniya ya fi na yau tsayi da kusan mita 300? In ba haka ba, ta ina ake samo adadin?

Dakta Hadiza: Wa alaikumus salam Malam Abubakar. A'a, ba za a iya cewa haka ba. Tsayin da dutse yake a yau bai nuna inda yake lokacin da ya kwanta ba. Ƙasa tana lotsawa, tana kuma ɗagowa, kuma nahiyar Afirka ta ɗago sosai bayan wancan lokaci. Abin da dutse yake iya faɗa maka kai tsaye abu ɗaya ne: zurfin ruwan da ke kan wannan wurin a lokacin da lakar take taruwa. Daga nan zuwa tsayin tekun duniya akwai lissafi mai tsawo, kuma kowane mataki yana ƙara kuskure.

A fara da jerin duwatsun, daga ƙasa zuwa sama. Rukunin Rima na zamanin Mastirishiyan ne, wato ƙarshen Kiritashiyos, tsakanin shekara miliyan 72 da miliyan 66 da suka wuce. A cikinsa akwai shimfiɗar Taloka, mai lallausan yashi da laka, sai Dukamaje mai dutsen laka da jipsum (ma'adinin da ake yin filasta da shi) da ɗan dutsen farar ƙasa, sai Wurno wadda ta koma kamar Taloka. Bisa wannan sai rukunin Sakkwato na zamanin Paleyosin, wanda ya biyo bayan Kiritashiyos: Dange, dutsen laka mai dunƙulen fosfet, sai Kalambaina, sai Gamba. A can sama kuma Gwandu ce, wadda laka da yashin tudu ne na koguna da tafkuna, ba na teku ba. Ko ba ka duba ta madubin ƙara girma ba, wannan jeri ya nuna teku ya shigo sau biyu: sau ɗaya a Dukamaje, ya ja baya a Wurno, ya dawo da ƙarfi a Dange da Kalambaina, sannan ya tafi.

Malam Nasiru: Ƙari kan bayanin Dakta. Dalilin da ya sa ake karanta jerin sama da ƙasa a matsayin matsowar gaɓa shi ne ƙa'idar Walther ta 1894: muhallan da ka gani ɗaya bisa ɗaya ba tare da yankewa ba, a da suna maƙwabtaka ne gefe da gefe. Amma sharaɗin shi ne babu yankewa. In akwai zaizaya ko dogon lokaci da ba a tara komai ba tsakanin shimfiɗa biyu, ƙa'idar ta faɗi. Shi ya sa aikin farko a fili shi ne neman waɗannan fuskoki. Alamar teku ya janye har ƙasa ta fito fili: sawun saiwa, tsagewar laka ta bushewa, jan ɓawon ƙarfe, ko kwazazzabon da kogi ya yanka aka cike shi da tsakuwa. Alamar ruwa ya kai matuƙar zurfinsa: siririyar shimfiɗa mai cike da fosfet, koren ma'adinin gilokonait, haƙoran kifi da ramukan tsutsa masu yawa, saboda a lokacin yashi ya maƙale can bakin gaɓa, abin da ke isowa tsakiya kaɗan ne.

Zainab: Malam, to in mutum ya je bakin kwazazzabo a Dange ko Wurno, ta yaya zai ɗebi samfur? Mu an ce mana kowace mita ɗaya.

Malam Nasiru: Kowace mita ɗaya ma'auni ne na farawa kawai. A dutsen laka mai kama ɗaya ya isa, amma kusa da inda dutse ya sauya, a sauko zuwa kowace santimita 10 ko 20, sama da ƙasan layin. Kafin a ɗebi komai a auna katangar da tef daga ƙasa, a zana ta, a rubuta kauri, launi, girman ƙwayar yashi da yanayin layin da ke tsakanin shimfiɗu. A riƙa ɗiga ruwan asid mai kashi 10 cikin ɗari, wanda ya yi kumfa yana da farar ƙasa. Sannan a haƙa ciki, aƙalla santimita 30 zuwa 50, har sai launin ya bar ruwan ƙasa ya koma toka ko baƙi. A ɗebi giram 200 zuwa 300, a zuba a leda biyu, lamba ɗaya a ciki da fensir, ɗaya a waje. A fara ɗiba daga ƙasa ana hawa, domin ɓarɓashin sama kada ya zubo kan wurin da ba a ɗiba ba tukuna. A goge guduma bayan kowane samfur.

Dakta Hadiza: Zancen haƙawa ciki shi ne mafi muhimmanci a wannan kwari, bari in tsaya a kansa. Dutsen laka na teku yakan ƙunshi fayirait, ma'adinin ƙarfe da farar wuta. In iska da ruwan sama suka same shi, sai ya zama asid. Asid ɗin ya narkar da ɓawon foraminifera (foram a taƙaice, ƙananan halittun teku masu ɓawo da ake duba su ta madubi) masu farar ƙasa, abin da ya narke kuma ya haɗu ya zama jipsum. Saboda haka illa biyu ke faruwa a lokaci guda. Ta farko, samfurinka zai fito da foram masu ɓawon ƙwayar yashi kaɗai, irin su Ammobaculites da Haplophragmoides, ka ce ai fadamar bakin teku ce mai ƙarancin gishiri, alhali sauran narkewa suka yi. Ta biyu, ka ga jipsum ka ce tafkin gishiri ne da ya ƙafe, alhali jipsum ɗin jiya-jiya ya samu in aka kwatanta da shekarun dutsen. Yadda ake bambancewa: jipsum da ya bi tsaga yana ratsa shimfiɗu a karkace, ko ya fito da manyan ƙyalli a fuskar da rana ke duka, tare da rawayan tabo, na baya ne. Wanda ya kwanta layi-layi daidai da shimfiɗa, kuma aka same shi har a samfurin rijiya mai zurfi, shi ake yi wa kallon na asali.

Injiniya Bello: Dakta ina ga kin yi tsanani kaɗan. Aikin wani masani mai suna Petters kan foraminiferan wannan yanki ya nuna masu ɓawon yashi ne suka yi rinjaye a Dukamaje, kuma fassarar ruwa marar zurfi mai gishirin da ba daidai ba ta dace da sauran shaidu. Taloka da Wurno da suka yi mata sandwici duk na filin da teku ke cikowa yana janyewa ne. Ba kowane lokaci ne narkewa ke bayani ba.

Dakta Hadiza: Ban ce fassarar ba daidai ba ce, Injiniya. Na ce sai an gwada kafin a yarda, samfur bayan samfur. Kuma a tuna a Dukamaje ɗin nan aka samu amonait (halittar teku mai naɗaɗɗen ɓawo da ta ƙare a duniya) mai suna Libycoceras da ƙasusuwan Goronyosaurus, dabbar teku mai rarrafe da aka raɗa wa suna daga Goronyo. Amonait ba ya zama a ruwan da gishirinsa ya kauce sosai. Ke nan aƙalla a wasu lokuta ruwan teku sosai ya shigo. Shimfiɗa ɗaya tana iya ɗauke da muhalli uku ko huɗu, wanda ya ɗebi samfur biyar ya ba ta zurfi ɗaya ya yi gaggawa.

Zainab: To a ɗakin gwaji fa? Namu samfurin in mun wanke sai ya ƙi watsewa, ya zama dunƙule-dunƙule.

Malam Nasiru: Yawanci rashin busarwa ne. Ga yadda ake yi. A farfasa giram 50 zuwa 100 ya zama kamar girman gyaɗa, da dannawa ba da niƙa ba, domin niƙa na fasa ɓawo. A busar a oben mai zafin digiri 50 har kwana ɗaya, a auna nauyi a rubuta. Daga nan hanya biyu ce. Ko a jiƙa da kalanzir ya kwana, a tsiyaye, a zuba ruwan zafi da cokali ɗaya na sodar wanki: ruwan zai kori kalanzir daga ƙofofin dutsen ya watsa shi. In dutsen bai bushe ba kalanzir ba zai shiga ba, shi ne dunƙulen da kike gani. Kuma kada a kusanci wuta da shi. Ko kuma a yi amfani da haidirojin ferokzayid mai kashi 3 zuwa 10 cikin ɗari na 'yan sa'o'i. Wannan ya fi sauri, amma yana cin ɓawon da fayirait ya cika, yana kuma wargaza masu ɓawon yashi da ba su da ƙarfin haɗi. Ga dutsen Dukamaje da Dange na fi son kalanzir saboda wannan.

Sai a wanke a rariya mai ƙofa maikiron 63 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) da ruwa marar ƙarfi, ba a murzawa da yatsa. Bayan kowane samfur a tsoma rariyar a ruwan shuɗin metilin. Duk ɓawon da ya maƙale zai rine, in ya ɓullo a samfur na gaba an san baƙo ne. A busar da abin da ya rage, a raba shi da na'urar rabawa har a samu kason da zai ba da ƙwaya 300, a tsince su duka da jiƙaƙƙen buroshi mai siririn baki. Duka, har da munana da fasassu. Mai tsintar kyawawa kaɗai ya riga ya lalata ƙidayarsa.

Dutsen Kalambaina mai tauri ba ya wankuwa haka. Sassan da ke da laka-laka suna wankuwa, masu taurin kuma sai a yanka su a goge zuwa kaurin maikiron 30 a duba ta madubi.

Abubakar: Na gode. To an tsinci 300 ɗin. Ta ina mita ke fitowa?

Dakta Hadiza: Hanyar da aka fi sani ita ce kason masu shawagi a saman ruwa cikin jimillar foram. Masu shawagi suna son buɗaɗɗen teku, saboda haka yawansu na ƙaruwa da zurfi. Van der Zwaan da abokan aikinsa sun fitar da lissafi a 1990: a ninka kason da 0.03534, a ƙara 3.58718, a ɗauki eksponenshal ɗinsa (maɓallin eˣ a kalkuleta), sai a sami zurfin da mita. Kashi 50 cikin ɗari yana ba da wajen mita 210. Amma a lura, ko kason sifili ne lissafin yana ba da wajen mita 36. Wato ba ya iya bambance mita 5 da mita 30, kuma a nan ne duk tekun Sakkwato yake. Ga shi an gina lissafin ne a kan gaɓar manyan tekuna na yau. A tekun da ya ratsa cikin nahiya ta ƙuntatacciyar hanya, masu shawagi na iya kasa shigowa ko da akwai zurfi. A Kalambaina masu shawagi kaɗan ne ƙwarai, don haka wannan lissafi ba shi da amfani a wurin.

Abin da ke aiki shi ne manyan foram na ƙasan teku. A Kalambaina akwai wanda tsofaffin rubuce-rubuce ke kira Operculinoides bermudezi, yanzu an fi sa shi a Ranikothalia. Danginsa na yau suna ɗauke da ƙananan tsirrai a jikinsu masu buƙatar haske, don haka ba sa wuce inda rana ke kaiwa, kuma suna son ruwa mai ɗumi da tsabta. A tsakaninsu ma, masu kauri da ƙumburi sun fi yawa a sama inda igiya ke dukansu, masu faɗi da siranta a ƙasa inda haske ya ragu. Ana auna kauri a raba da faɗi a ƙwaya 30 ko fiye a kowane samfur, a ga yadda adadin ke sauyawa ana hawa. Wannan yana nuna ko ruwa na ƙara zurfi ko yana raguwa, amma ba zai ba ka lamba ɗaya ba. Zai ba ka tazara, misali mita 10 zuwa 40.

Malam Nasiru: A haɗa da ostrakod, ƙananan dangin jatan lande masu ɓawo biyu, domin a wannan kwari suna da yawa, masani Reyment ya yi aiki a kansu tun tuni. Masu ƙullin ido a ɓawo sun rayu inda akwai haske. Sannan suna tona asirin samfurin da ruwa ya kwaso daga wani wuri: ostrakod yana saɓa sau takwas kafin ya girma, don haka in ka samu manya da ƙanana na kowane mataki tare, a nan suka rayu. In manya ne zalla, ko ƙanana zalla, ruwa ya tace su. Ƙa'ida ita ce ɓawo yana gangarawa daga tudu zuwa zurfi, da wuya ya hau. In samfur ya haɗa na ruwa marar zurfi da na mai zurfi, a bi na mai zurfin.

Mamman: Gaisuwa daga Tawa. Duwatsun nan ba su tsaya a iyaka ba, kwari ɗaya ne da ya ratsa Najeriya da Nijar da Mali, ana kiran sa Iullemmeden. Dutsen farar ƙasa na Paleyosin da ake siminti da shi a Malbaza ɗan'uwan na Kalambaina ne, kuma ana bin sa a tsaunukan Adar. Abin da nake so a ƙara shi ne, wanda ya tsaya a Sakkwato kaɗai yana kallon gefen kwarin ne. Shimfiɗun suna karkata a hankali zuwa arewa maso yamma suna ƙara kauri. A gefe, ƙaramin ja da baya na teku yana fito da ƙasa fili, a rasa shekaru masu yawa daga jerin. A tsakiya ba a rasa su. Sai an jera katangu daga Sakkwato zuwa Adar har Mali sannan za a san wace yankewa ce ta ko'ina, wacce ce ta gefe kawai.

Injiniya Bello: Haka ne Malam Mamman. Kuma ta arewa tekun ya zo, daga Tetis, tsohon tekun da ke arewa da Afirka, ta mashigin Gao a Mali. Ko ya haɗu da tekun Gini ta kudu a Paleyosin, wannan har yanzu ana jayayya, masu cewa ya haɗu suna kafa hujja da kamannin ostrakod na Sakkwato da na dutsen Ewekoro a jihar Ogun. Haɗuwar da ba a jayayya a kanta ita ce ta wajen shekara miliyan 94, ta kwarin Binuwai, wadda amonait ɗin mahaƙar Ashaka ke shaida.

Bari in koma tambayar farko da lissafi, lambobin na misali ne kawai. A ce daga fuskar da zurfinta sifili ne zuwa fuskar da foram suka ce mita 30, akwai dutsen laka mai kaurin mita 30. Mataki na ɗaya, a mayar da matsewa. In yau ƙofofin dutsen kashi 30 ne cikin ɗari, ainihin ƙwayar mita 21 ce. Sabuwar laka tana da ƙofofi wajen kashi 60, don haka asalin kaurin ya kai mita 52. Mataki na biyu, nauyi. Ɓawon duniya yana lotsawa in an ɗora masa kaya, kamar kwalekwalen da aka yi wa lodi. In aka ɗauki nauyin ruwa zalla a matsayin 1, da nauyin dutsen da ke ƙasan ɓawo 3.3, na ruwan teku 1.03, na jiƙaƙƙiyar laka 1.7, cikin mita 52 ɗin nan wajen 37 ne ainihin gurbin da aka cike, sauran lotsawar da lakar ta jawo da kanta ce. A ƙara zurfin ruwa 30, an samu 67. Mataki na uku, ruwan ma yana da nauyi: tashin teku na mita 1 yana ba da zurfin kusan mita 1.45. A raba, an samu mita 46. Wannan in kwarin bai nutse don kansa ba ke nan. In yana nutsewa mita 5 a kowace shekara miliyan, aka yi shekara miliyan 5, sai a cire 25 daga 67 kafin a raba, amsar ta koma 29. Yanzu a tuna mita 30 ɗin foram asalinta 10 zuwa 40 ce.

Abubakar: Ke nan kuskuren ya kusa kai girman amsar.

Injiniya Bello: Sau da yawa haka ne. Shi ya sa manyan masana ma suka rabu. Zanen hawa da saukar teku da Haq da Hardenbol da Vail suka yi a 1987 ya kai ƙololuwar tekun Kiritashiyos wajen mita 250 sama da na yau. Miller da abokansa, da irin wannan lissafin a rijiyoyin gaɓar New Jersey ta Amurka, suka samu ƙasa da rabin haka a 2005. Daga baya aka nuna gaɓar New Jersey ɗin ma ta lotsa saboda motsin cikin duniya, Müller da abokansa suka ba da wajen mita 170 a 2008. Ni shawarata, ɗalibi kada ya ɗauko zanen Haq ya ɗora a gefen katangarsa ya fara haɗa layi. Hawa da saukar da ke zanen suna da yawa, har in shekarunka na da kuskuren miliyan ɗaya, kowace yankewa za ta sami abokiya.

Zainab: Aisotop na oksijin fa, wato auna oksijin mai nauyi da marar nauyi a ɓawo? Ba zai warware ba?

Dakta Hadiza: Yana aiki ne inda ƙanƙarar doron ƙasa ke jan ragamar teku. Ƙanƙara tana tara oksijin marar nauyi, sai teku ya ƙara nauyi, ɓawon foram ya ɗauka. Ma'aunin da Fairbanks da Matthews suka samu a Barbados a 1978 shi ne kusan 0.11 cikin dubu ga kowace mita 10. Matsalar ita ce sanyin digiri ɗaya kaɗai yana motsa adadin da fiye da 0.2, wato daidai da mita 20, don haka sai an cire zafi ta wata hanya, kamar auna magniziyam da kalsiyam a ɓawon. Ga ƙarshen zamanin ƙanƙara, shekara 21,000 da suka wuce, lokacin da teku ya sauka da mita 120 zuwa 130, hanyar na da ƙarfi, kuma murjanin Acropora palmata da ke rayuwa cikin mita 5 na saman ruwa ya tabbatar da ita. Paleyosin kuwa duniya ce mai zafi, ƙanƙara kaɗan ce ko babu. Ƙari a kan haka, teku marar zurfi a cikin nahiya ƙafewa da ruwan koguna suna sauya aisotop ɗinsa, sannan ruwan sama ya daɗe yana ratsa dutsen Kalambaina yana sake gina ƙyallinsa. Abin da za ki auna tarihin ruwan ƙasa ne. Kafin a kashe kuɗi, a fasa ɓawo goma a duba bangonsu a madubin lantarki. In ƙofofin sun toshe da sabon ƙyalli, a bar maganar.

Malam Nasiru: Ga mai son samfurin da iska ba ta taɓa ba, rijiyoyin burtsatse ne mafita, amma a nemi sandar dutse da aka zaro ɗungurungum. Ɓarɓashin haƙa yana gauraye da abin da ya zubo daga sama. In shi kaɗai ake da shi, a yi aiki da inda kowane nau'i ya fara bayyana ana sauka, kada a yi aiki da inda ya ƙare, kuma kada a ƙirga kaso da shi sam. Malama Zainab, in za ki koma Dange, ki ware rabin kowane samfur ba tare da wankewa ba don binciken ƙwayar fure da dainofilajilet, wasu ƙananan halittun ruwa. Su asid ɗin fayirait ba ya narkar da su, amma iska na cinye su, don haka daga baƙin dutsen ciki za ki ɗiba, ki rufe ledar tun a wurin.